Yadda Za Ki Cika Wasiyyar Tsuntsaye Ba Tare da Kin Taɓa Aljihu Ba

Ke da miji ya mutu ya bar miki wasiyya mai cin kuɗi, matso kusa. Nawa, Ghita, bai bar mini saniya ba. Hannuna ya kama ya ce, "Safta, 'yan tsuntsayena na lambu, kar su zauna da yunwa in ƙanƙara ta sauka." Na ce to. Ni kuwa ba na kwana da bashin mai rai, balle na wanda ke ƙasa. Ga yadda na biya. Ki bi a hankali, na ba ki tabbacin za ki fita kunya a arha.

1. Zaɓi abin da ba mai so

Ghita 'ya'yan furen rana yake zuba musu, waɗanda mutane ke ɓarewa a bakin ƙofa suna gulma. Almubazzaranci ke nan. Ke dai nufi gefen lambu inda shofranel yake, ƙayar nan da muke tsinkar furenta don miya ta yi kala. Irinta fari ne, ga tauri kamar haƙorin ɓera, ga ɗaci. Kuma kyauta.

2. Rataya akwatin abincin tsuntsayen inda ake gani

Ba don tsuntsu ba, shi yana da ido. Don maƙwabciya. Tawa Didina ce, ta leƙo ta kan shinge:

"Tanti Safta, ashe kina da zuciya?"

"Tana nan, 'yar nan. Ajiye ta nake don kar ta tsufa."

3. Kar ki ji kunya

Wani ɗan mitsitsi mai rawayan ƙirji zai sauka, ya ɗauki ƙwaya, ya jujjuya ta, ya yar, ya yi miki kallon uwar miji, ya tashi gidan Didina. Madalla. Wasiyya cewa ta yi a zuba, ba ta ce a yi musu ɗura ba. Da haka kofi guda zai kai ki Kirsimeti.

4. Yi alfahari a kanti

Dabara in ba a ji ta ba, asara ce. Na tsaya gaban masu sayen burodi na bayyana tawa. Nea Fanica, wato Baba Fanica, mai kiwon tattabaru, yana gefe.

"Shofranel kika ce, Safta?"

"Shi fa."

"Kina da yawa?"

"Buhu guda a rumfa."

Sai ya fita da sauri, har ya manta sigarinsa. In kin ga namiji ya manta sigari, ki tambayi dalili. Masu hankali haka suke yi, an ce mini.

5. Koyi abin da duk ƙauye ya sani

Tattabara ba ruwanta da ɗaci. Ashe shofranel ne masu kiwo ke saya musu da tsada. Washegari Fanica ya buɗe akurki, sama ta yi duhu. Suka share akwatin. Na ƙara, don Didina na kallo. Suka share. Daga nan suka gano buhun rumfa, har da irin da na ware don shuka. Tukuicin da suka bar mini yana kan zanen gadon da na shanya.

6. Je ki karɓi haƙƙinki

Na ɗaura kallabi, na tafi da buhun wayam.

"Nea Fanica, 'ya'yanka sun ci. Cika shi."

"To. Amma don wa kika zuba?"

Didina ta biyo ni, tana leƙe ta kan shingensa, ba damar ƙarya. Na ce, "Don ran Ghita."

Tsohon nan ya cire hula, ya yi alamar gicciye a ƙirji, ya ce, "Bogdaproste."

Kin san abin da wannan ke nufi. Da mai karɓar sadaka ya faɗi kalmar nan, abu ya isa hannun mamaci, ba a bin sa kuma. Wace ce ta taɓa zuwa maƙabarta karɓo buhu? Da bakina, gaban Didina, na amsa, "Allah ya karɓa." Har ta taya ni da amin, 'yar banza.

Ghita dai an sallame shi, da shaidu biyu. Fanica kuwa kullum da safe sai ya ɗaga mini hula.

Gargaɗi

Ni ban yi makaranta ba, ban kuma ja hannunki ba. In tattabaru sun yi miki fenti a rufi, ki tuhumi mijinki, shi ya yi wasiyya. Kar ki zo ƙofata da kuka. In kuma dole sai kin zo, taho mini da irin shofranel kofi guda. Aro ne, da kaka zan mayar.