Jatau Tirela a Ajin Masu Ciwon Baya

Wani mutum ne a kasuwar hatsi ta garinmu, ɗan dako, ana ce masa Jatau Tirela. Shi ya raɗa wa kansa sunan. In ka zauna kusa da shi minti biyar, sai ka ji yadda ya taɓa ɗaukar buhu biyu a ka, ɗaya a hammata, yana tafe yana shan rake. Bara ke nan. Bana buhunan sun zama biyar, har da mai hatsin zaune a sama.

Ana nan sai Sarkin 'Yan Dako ya ce tsufa ya zo, ya sauka. A kasuwarmu kuwa ba a kaɗa ƙuri'a. Buhun masara ake direwa gaban dattawa ranar kasuwa, mai neman sarauta ya ɗago shi daga ƙasa zuwa ka, shi kaɗai, ya kewaya rumfar awo ya dawo. Masu nema biyu ne, Jatau da wani Cindo, siririn mutum da ba ya magana sai dole.

Saura wata guda, Jatau ya sunkuya zai ɗauki silifas ɗinsa. Ƙas! Baya ya riƙe. Ba buhu ba fa, silifas.

Washegari ya same ni a tasha inda nake kamasho, yana tafe yana dafa motoci.

"Ilu, wani abokina ne ke fama da ciwon baya. Ina ake kai irinsu, inda ba a san mutum ba?"

Na ce, "Abokin naka shi ma dafa mota yake yi?"

"Rufa mini asiri, don girman Allah."

Na ce akwai sashen gashin ƙashi a asibitin garin da ke gaba da mu, duk Talata suke zama, ma'aikatan ko sunansa ba su taɓa ji ba. Gaskiya na faɗa masa. Cewa Gwaggo Tabawa mai ƙosan bakin kasuwa tana zuwa can duk Talata, kuma ni nake saka ta a mota, wannan bai tambaye ni ba. Gwaggo Tabawa kuwa, in labari ya shiga kunnenta da hantsi, kafin azahar ana tattauna shi a ƙauyuka.

Ranar Talata na raka shi, saboda zumunci. Ɗaki ne babba, tabarmin roba a shimfiɗe, tsofaffi mata bakwai a zaune, sai wata ma'aikaciya mai farin kaya, Malama Ladidi, riƙe da katin Jatau. Ya ja hula har gira ya shiga.

"A'a! Jatau? Tirela da kansa?"

Gwaggo ce, a tabarma ta biyu. Jatau ya daskare. Amma bakinsa bai taɓa daskarewa ba.

"Gwaggo, ashe kina nan. Ai gayyato ni aka yi. Likitoci ke son ganin yadda aka ƙera bayana, don su koya wa ɗalibai."

Malama Ladidi ta dubi katin, ta dube shi, ta kife katin a tebur.

"Madalla. To bismilla, Malam, dawo gaba kowa ya gani. Amma fara kwance wannan."

Tsohon rawani ne ya naɗe ƙugu da shi tamau, irin ɗamarar 'yan dako.

"Malama, shekara ashirin ban taɓa aiki babu ita ba."

"Shi ya sa. Akwai wata ɗamarar a cikin jiki, nama ne da ya kewaye ciki da baya, shi ke riƙe ƙashin baya kada ya yi ta lilo. Ka samo masa ɗan aiki, shi kuma ya kwanta barci. Tashinsa za mu yi."

Aka fara. Kowa ya kwanta rigingine, ya lanƙwasa gwiwa, ya janye cibiya ciki a hankali yana numfashi. Jatau ya yi dariya.

"Wannan ai hutu ne. Babu ƙarfe a asibitin nan? A kawo mini ko injin niƙa ne."

Malama ta ce, "Babu. Juya ka kifa. Dogara da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, ka ɗaga jiki ya miƙe kamar katako. Janye cibiya, kada ka toshe numfashi, ka riƙa ƙirgawa muna ji. Sabon zuwa goma yake yi."

"Goma? A ɗora mini mutum biyu a baya, kada a ce na yi ha'inci."

"Fara da kanka tukuna."

To, ɗan dako aiki ɗaya ya sani. Ya cika ƙirji, ya toshe numfashi, ya ce hai, ya fizga. Kafin ka ƙifta ido kaya na kansa. Haka Jatau ya yi. Ya cika ƙirji, ya toshe, ya ce "Hai!" Sai ya tarar babu abin fizga. Shi ne kayan, shi ne ɗan dakon, kuma babu inda za a sauke.

"Ɗaya!" in ji Jatau, da ƙarar da sai da ɗakin ya amsa.

"Biyu! Uku!"

A huɗu hannu ya fara kar-kar-kar. A biyar murya ta koma ta ɗan akuya. Jijiyar goshi ta miƙe, ido ya fito, tumbi ya yi ƙasa yana neman tabarma.

"Shi… shi…"

Tim!

A gefensa Gwaggo Tabawa, da ta riga shi farawa, na nan a miƙe samɓal, goro a kunci.

"Goma sha tara, ashirin. Jatau, wake ya sauko kuwa a wajenku? Ashirin da ɗaya. Na makon jiya duk ƙwari ne."

Sai da ta kai arba'in ta sauka, ta gyara ɗankwali.

A bakin ƙofa Jatau ya durƙusa mata, da taimakon bango.

"Gwaggo, ke uwa ce. In kasuwa ta ji wannan, sarauta ta tafi."

"Haba ɗan nan. Me na gani? Ban ga komai ba."

Kuma wallahi ta riƙe bakinta. Talata huɗu suna zuwa, ko ni na yi mamaki. Bayan nasa ma ya yi sauƙi sosai, har ya koma ba da labarin buhu biyar.

Ranar ɗaukar buhu ta zo. Kasuwa ta cika maƙil. Cindo ya ɗauki buhu ba hayaniya, ya kewaya, ya dire. Jatau ya fito yana girgiza, yana yi wa kansa kirari, ya tsaya kan buhu, ya sunkuya, ya cika ƙirji.

Sai murya daga wajen kaskon ƙosai.

"Jatau! Janye cibiya! Kada ka toshe numfashi, ka san Malama ta hana mu!"

Tsohon Sarki ya waiwaya. "Wace Malama, Tabawa?"

"Ta asibitinmu mana, ta masu ciwon baya. Ajinmu ɗaya da shi. Ku yi masa a hankali, yaron yana ƙoƙari. Da shida ya fara, yanzu har sha ɗaya yake kaiwa. Ni dai ina hamsin."

Numfashin da Jatau ya tara ya fice, fuuu. Yana sunkuye, hannu a kan buhu, buhu ko motsi. Wani ya ce, "Sarki, ko a ba Gwaggo ta gwada?" Kasuwa ta kece da dariya. Tsohon Sarki ya share hawaye, ya kama hannun Cindo ya ɗaga.

Gwaggo ta juya ƙosanta, ta ɗaga murya.

"Kada ka damu, ɗan nan. Ranar Talata ka zo da wuri, zan kama maka tabarma kusa da tawa."