Tuwon Ƙarshe a Gidan Hajiya Asabe

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da ranar da aka rufe gidan abincin Hajiya Asabe. Wasu da daɗin miyar taushe suke tuna ranar. Ni da zufar kunya nake tuna ta, har yau in na bi ta layin nan a Kano sai na kau da kai.

Ni mutumin wani ƙauye ne a bayan Minjibir. Da damina manomi, da rani ɗan jarida (mahaifina har ya koma ga Allah bai yarda ta biyun sana'a ba ce). Lokacin da na fara aika wa wani gidan rediyo rahoto, duk mako sai na hau mota na shiga birni, kuma a zamanin duk ɗan jaridar da ya amsa sunansa a wurin Hajiya Asabe yake cin abincin rana. Ba wani wurin a zo a gani ba ne. Rumfar kwano ce da bencina da wata fanka mai kuka. Amma tuwon shinkafarta da man shanu, in ka ci sau ɗaya ka shiga uku, domin na gidanku ya daina yi maka daɗi.

A can ƙurya akwai teburin manya, kuma yana da al'ada. Sabon shiga ba ya zama sai ya tsaya a gabansu ya karanta rahotonsa da ƙarfi, tuwonsa na can yana hucewa. Shugaban teburin shi ne Malam Idi, tsohon edita, dogo, wanda muke kira Jan Biro a bayan idonsa. In ka gama karatu sai ya karɓi takardar ya bi ta da biron nan har ta koma kamar an yanka kaza a kanta. Yana gamawa kuma sai ya turo maka naman miyarsa. Duk abin da na iya a aikin nan a tsaye na koye shi, a gaban mutumin nan. Burina ɗaya ne a lokacin: in karanta abu a teburin sau ɗaya tak a rasa abin gyarawa. Ban taɓa samu ba.

Shekaru suka tafi. Jaridu suka yi ta mutuwa, kowa ya koma rubutu a waya, har da ni. Malam Idi ya yi ritaya, idonsa ya fara ba shi matsala, ya koma garinsu Ɗanbatta. Daga ƙauyenmu zuwa can ba wata tafiya ba ce. Kullum ina cewa in an gama girbin gero zan je. An yi girbi ya fi a ƙirga.

Sai labari ya zo cewa mai filin ya sayar, za a rushe rumfar Hajiya a gina shaguna masu bene. Ta aika wa tsofaffin 'yan teburin cewa su zo ranar Asabar a ci na ban kwana. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, na ce lallai in yi rubutu. A makon ne kuma, a cikin motar kasuwa, na ji direba yana ba wani labari cewa wani tsohon ɗan jarida ya rasu a Ɗanbatta, dogo, mai gilashi. Ban tambayi suna ba. Ni ai ɗan jarida ne, na riga na gane.

Na zauna a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu na zuba rubutu, rabi kukan gidan abinci, rabi yabon “marigayi Malam Idi”. Da alƙalami ya yi zafi har na ƙara cewa ina cikin waɗanda suka raka shi makwancinsa (na ga kamar abin kunya ne a ce ɗalibinsa na kusa bai je ba). Na saka a shafina. Addu'o'i suka yi ta zubowa, Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta, har daga manyan teburin. Kaina ya kumbura.

Ranar Asabar na makara, domin motarmu ta yi ta tsayawa ɗaukar buhunan gyaɗa. Na shiga da babbar rigata ta Sallah, na tarar wurin ya cika amma shiru. Na ɗauka jimamin rabuwa ne. A ƙurya akwai wani tsoho ramamme da baƙin gilashi, ya dafa sanda. Na zaci ɗan'uwan Hajiya ne daga ƙauye, na jefa masa “Sannu Baba” na wuce.

Alhaji Tanko, tsohon mai ɗaukar hoto, shi ya tarbe ni. Ya ce, “Ga marubucinmu ya iso. Tsaya ka karanta mana abin nan naka kamar yadda aka saba.”

Da ina da wayo, da na lura ba ya kallon idona. Na gyara riga, na ciro waya, na fara. Na yabi miya, na yabi fanka, na tsine wa masu gina shaguna. Da na zo kan Malam Idi na sassauta murya, har da 'yar rawar baki. Na karanta wurin jana'iza ma, ban tsallake ba. Na rufe da addu'a na tsaya ina jiran amin. Babu wanda ya ce amin.

Sai tsohon nan na ƙurya ya yi gyaran murya. Wallahi tun kafin ya yi magana na gane shi.

Ya ce, “Tunda ka halarta, wane limami ne ya yi mini salla?”

Wani ya fara dariya ya haɗiye ta. Na ce, “Malam... Allah ya ba ka haƙuri... a mota na ji.”

Ya ce, “A mota.” Ya gyara riƙon sandarsa. “Wanda ya rasu Malam Sule ne, na gidan talabijin. Shi ma ba ku je ba. 'Yata ce ta karanta mini rubutunka, da duk addu'o'in da ke ƙarƙashinsa, sunan kowa da kowa. Ban ce ta ƙaryata ba. Na sa aka share zaure aka shimfiɗa tabarmi, na ce ai yanzu dole su zo gaisuwa, in ji muryoyinsu. Kwana uku ina zaune. Ko mutum ɗaya.”

A nan na gane shirun da na tarar. Su ma sun sha nasu kafin in zo, shi ya sa suka tura ni gaba in ɗauke musu ragowar. Na ji haushinsu, kuma har yau ina ji, amma ba ni da bakin magana.

Hajiya Asabe ta dire kwanon tuwo a gabana da ƙarfi. Ta ce, “Ni da ban yi boko ba na san yana raye, don duk Juma'a sai na kira shi. Ku ci, ku tashi, masu rusau jibi za su zo.”

Na ci tuwon nan a tsaye, ban ji ɗanɗanon komai ba. Tuwon ƙarshe na gidan da na fi so a duniya, na ɓata shi da hannuna.

Da aka watse, ni aka ce in riƙe masa hannu zuwa tasha tunda hanyarmu ɗaya. Bai yi mini faɗa ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Muna jiran mota ta cika na ce masa yanzu zan goge rubutun in nemi gafarar jama'a.

Ya ce, “Nemi gafarar, amma kada ka goge. Ajiye shi, ba da daɗewa ba zai yi maka amfani. Sai dai ranar ka daure ka zo, don kada wurin jana'izar ya sake zama ƙarya.”

Yanzu shaguna ne a wurin, ana sayar da kayan waya. Ni kuma duk ranar kasuwar Ɗanbatta ina zaurensa, ina karanta masa labarai yana tsaki. Abin da na koya bai da yawa: kafin ka yi wa mutum addu'ar rahama a waya, je ka yi sallama a ƙofar gidansa tukuna. Mai yiwuwa shi da kansa zai amsa.