Rasuwar Auta, Kwamfutar da Ta Ga Damisa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malama mai nazarin namun daji take sanar da rasuwar kwamfutarta, wadda 'yan ofis suka fi sani da Auta. Ta cika ranar Litinin a kan teburin mai gyara, bayan doguwar jinyar zafin jiki. Kalamanta na ƙarshe su ne "fuuu... ƙit."

Marigayiyar ta yi aiki, wannan ba a hana ta ba. Kyamarorin da aka ɗaure a bishiyoyin daji kan ɗauko hotuna dubbai, ita kuma ta tantance: wannan gada ce, wannan biri ne, wannan iska ce kawai ta kaɗa ciyawa. Malama ce ta koya mata, hoto bayan hoto. Ta saya mata fanka, ta hana yara taɓa ta, har Inna, mahaifiyar Malama, tana mitar cewa ko jikokinta ba su samu wannan gatan ba.

Auta ce ta shaida cewa damisa ta dawo dajin, wai kullum da hantsi tana zuwa shan ruwa. Malama ta duba hotuna biyu-uku, duk dishi-dishi, ta gaskata. Wa zai tsaya tuhumar 'yar gida? A kan wannan magana ta gina kundin digirinta na uku. Farfesa mai duba kundin ya faɗi labarin a taro, aka yi ta tafi.

Sai da aka kwashe kayan mamaciyar zuwa wata na'ura, Malama ta zauna ta bi hotunan da idonta. Babu damisa, ko jelarta. Inuwar ganye ce ke sauka dabbare-dabbare a kan wani dogon dutse idan rana ta ɗaga. Shekaru Auta tana kallon dutse tana rantsuwa, ko sau ɗaya ba ta taɓa nuna shakka ba. Malama ba ta yi kukan mutuwar ba, na cin amanar ta yi.

Auta ta rasu ta bar caja mai ɗaurin salatif, da jaka mai tsinkakken hannu, da babi huɗu marayu.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis a ofishin Farfesa, inda za a binne ta tare da kundin. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa su tsaya shiru a bakin ƙofa, don har yanzu shi Farfesa bai ji gaskiyar damisar ba, kuma Malama ce za ta shiga ta faɗa masa da bakinta.