Haddar Lituweniyanci a Bukit Bintang

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tabbatar, a gaban shaidu daga nahiyoyi uku, cewa ɗan Adam bai taɓa ƙirƙiro hanyar neman ilimi da ta kai hadda ƙarfi ba. Hadda ta riƙe littattafai tun ba a san injin ɗab'i ba, ta adana tarihin al'ummai tun takarda tana wuya, kuma ita ce ta kwance mini zani a wani gidan abincin Larabawa a Bukit Bintang, ina fuskantar tiren shinkafa da naman rago.

Shekarata ta ƙarshe ce a digiri na uku a Kuala Lumpur, ina bincike a kan tace ruwan sha. Tallafin karatu ya zo gangara, izinin zama yana biye da shi, ni da maiɗakina da 'yarmu Ilham muna wani ɗan tsukukun gida a Setapak muna kallon juna. Ana nan sai malamin da ke duba aikina, wani dattijo ɗan Malesiya mai sanyin hali da kowa ke kira Prof, ya ce mini wata farfesa za ta zo daga Lituweniya. Tana neman mutum ɗaya tak da zai je ya yi aiki a ɗakin gwajinta. Za a yi mata liyafar abincin rana, ɗalibai su zo da iyalansu.

"Ka zo ka makan," in ji Prof, wato in zo in ci abinci, "ka nuna mata kanka lah."

Mai hankali zai koma ya gyara sakamakon bincikensa. Ni kuwa tsohon malamin nahawu ne, na yi shekaru ina shan alli a wata sakandare kafin ruwan sha ya ɗauke ni, don haka na yanke shawarar zan shiga zuciyar matar nan ta ƙofar harshenta. (Sai da na fara neman ƙasar a taswira. Na same ta a inda ban yi zato ba.)

Na tarar aikatau a Lituweniyanci gida uku ne a lokaci mai ci, kowane gida da irin wutsiyar da yake ɗaura wa kalma, kuma wutsiyar tana sauyawa gwargwadon mai aikin: ni, kai, shi, mu, ku, su. Na dubi jerin nan na yi murmushi irin na wanda ya ga ɗan garinsu a filin jirgi. Ai wannan hadda ce. Ni da na tashi a Islamiyya, ni za a tsorata da layi shida?

Kullum bayan la'asar sai in zauna a ƙasa in tanƙwashe ƙafa, in rufe ido, in fara rangaji gaba da baya, in ja da ƙira'a kamar yadda aka koya mini ina yaro: dirbu, dirbi, dirba, dirbame, dirbate, dirba. Ina aiki, kana aiki, har zuwa suna aiki. Daga nan in wuce gidan so, in sauka a gidan ci, wanda ya fi daɗin ja: valgau, valgai, valgo, valgome, valgote, valgo.

Maman Ilham ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Abban Ilham, wai wannan wace ruwaya ce?"

Na ce, "Ruwayar da za ta kai ki Turai."

"To madalla. Yaya ake cewa muna ci?"

Na rufe ido. "Valgau, valgai, valgo, val…"

"A'a, shi kaɗai na tambaya."

"Ai ina hanya."

"Malam, in mutum ya tambaye ka muna ci, sai ka bi ta kan kowa da kowa tukuna? Kafin ka iso ai abincin ya huce."

Na yi mata bayani cikin haƙuri, irin wanda ake yi wa waɗanda ba su karanci nahawu ba, cewa harsashi ake fara ginawa. Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta koma kan miyarta.

Ranar liyafa na ci ado: farar shadda, hula zanna, turare. A cikin mutanen da ke dogon teburin nan babu wanda ya kai ni kama da limamin Juma'a, kuma wannan ma yana cikin abin da ya kashe ni. Aka zaunar da ni daura da baƙuwar, wata doguwar mata mai furfura da tabarau. Na ce mata, "Laba diena," wato barka da rana. Fuskarta ta washe. Ta dafa ƙirji, ta ce da Turanci tunda ta sauka a ƙasar nan babu wanda ya gaishe ta da harshen gida. Na saci kallon sauran ɗaliban, ina tausaya musu.

Aka kawo abinci. To a nan akwai al'adar da na sani sarai, don na yi shekara da shekaru ina ganinta: a taron Prof ba a taɓa abinci sai wani ya yi addu'a, doa suke cewa. Kowa zai yi shiru, Prof ya zagaya da ido ya ga wanda zai ja. Aka yi shirun. Ni kuwa hankalina yana can Turai, sai na ɗauka fili aka ba ni. Na ga baƙuwa ta zuba wa naman ido ba ta ɗauki cokali ba, jinin Bahaushe ya motsa, na ce bari in tambaye ta da harshenta ko tana cin irin wannan. Kalma ɗaya nake bukata, ta girmamawa, kuna ci. Matsalar ita ce tana can layi na biyar.

Na neme ta ita kaɗai, ta ƙi zuwa. Sai jikina ya yi abin da aka horar da shi. Idona ya rufe da kansa. Kafaɗuna suka fara rangaji. Murya ta fito, ba ƙasa-ƙasa ba, da cikakkiyar ƙira'a har da jan madda:

"Valgaaau… valgaaai… valgooo…"

Na ji wani abu ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na san takalmin, ni na saye shi. Amma wanda ya yi hadda ya san ba a tsayawa a tsakiya. Na iso valgote ɗin da nake nema, na gan ta da idon zuci, na wuce ta da gudu, na sauke a kan valgo na ƙarshe da irin sassauta muryar da ake rufe karatu da ita.

Teburin gaba ɗaya ya amsa: "Aaamin."

Na buɗe ido. Prof ya ɗaga tafukansa yana shafawa. Ɗalibai 'yan Indonesiya da Pakistan suna shafawa. Balaraben da ya kawo miya ya tsaya cak da kwano a hannu, kansa a sunkuye. Baƙuwar ma kanta a sunkuye yake, sai dai kafaɗunta suna rawa, ta danne baki da tsumman goge hannu.

"Masha Allah," in ji Prof, idonsa har ya yi ƙwalla-ƙwalla. "Doa ce ta mutanenku? Me take nufi?"

Baƙuwar ce ta cire tabarau ta goge ido ta taimake ni, in dai wannan taimako ne.

"Harshenmu ne," ta ce. "Cewa ya yi: ina ci, kana ci, yana ci, muna ci, kuna ci, suna ci." Ta ja numfashi. "Babu kuskure ko ɗaya. Sai dai har yanzu ban ga wanda ya ci ba."

Dariyar da aka yi, har na teburin maƙwabta sai da suka juyo. Prof, bawan Allah, ya sake ɗaga hannu ya yi addu'ar gaske da kansa, a gajarce, yana kallon silin don kada idonsa ya faɗa a nawa. Daga baya baƙuwar ta tambaye ni a kan bincikena. Na san na amsa, amma ko za a yanka ni ban san me na ce ba. Ta ƙara da cewa a ɗakin gwajinta Turanci ake yi, don rabin ma'aikatan baƙi ne.

Ko loma ban iya kaiwa baki ba. Maman Ilham ta sa aka yi mana tapau, aka ƙulle rabona a leda. A motar haya ta rungume ledar a cinya, sai da muka fita daga cunkoson Bukit Bintang, sannan ta ce, "Ikon Allah. Kowa ya ci, ban da mai ina ci."

Na ce, "Ke da kika san ko mene ne, me ya sa ba ki hana su ba?"

"Na taka ka, ka ƙara murya."

"Amma dai ke ba ki shafa ba ko?"

"Haba Abban Ilham. Mijina yana jan addu'a a gaban mutane, in ƙi cewa amin? Ai ni na fara."

Kafin mako ya zagayo labari ya gama Setapak. Har yau in na shiga shagon da muke sayen garin tuwo da daddawa, mai shagon sai ya miƙe ya ce, "Liman Valgo, a sa mana albarka."

Darasin da na ɗauka shi ne, ilimin da ba ya fitowa sai an faro shi daga farko, a bar shi a gida ranar taro. In kuma ya zama dole a fito da shi, to a bar hular a gida.

Aikin kuwa wani ɗan Bangladesh aka ba, wanda bai ma zo liyafar ba.