Likitan Mutanen Takarda

Allah ya yi wa unguwarmu baiwa, kuma baiwar nan tana da ɗan tsiron gemu da tabarau mai igiya. Sunanta Dakta Ardeshir Nikravesh. Duk faɗin birnin Shiraz babu wanda ya kai shi sanin ciwon zuciya, muddin zuciyar da tawada aka yi ta. Ya daɗe yana koyar da adabi a jami'a kafin ya gano abin da ya shige wa magabata duhu: ashe mutanen da ke cikin ƙagaggun labaranmu na Farisa duk marasa lafiya ne, kuma ba su da mai duba su sai shi. Tun daga ranar ya naɗa kansa likitansu. Matan unguwa, da ba su da lokacin dogon suna, suka sa masa Dakta Shafi.

A faɗi gaskiya, aikinsa ba aibu. Ba majinyacin da ya taɓa mutuwa a hannunsa sai wanda marubuci ya riga ya kashe. Ba wanda ya taɓa yi masa musu, ko ya ce maganin bai karɓe shi ba.

Kowace Alhamis da la'asar yakan buɗe asibitinsa a tsakar gida, ƙarƙashin bishiyar lemo. Tsofaffin ɗalibansa su zo, 'yan fansho su zo, ni ma da katanga ɗaya ta raba mu in zo, don shayin gidan ba shi da na biyu. Sai ya ɗaga littafi sama kamar mai duba hoton ƙashi.

"Wannan akawun da ke yawo bakin gada, jama'a, marubucin ya zaci talauci ke damunsa. Marubuci bai san shi ba. Ni na san shi. Ma'anar rayuwa ce ta suɓuce masa tun babi na biyu, kuma da ya zo wurina da wuri, da bai kai babi na tara a wannan hali ba."

Mu gyaɗa kai, mu tura ƙwayar sukari tsakanin haƙora, mu kurɓi shayi.

Mai dafa shayin ita ce matarsa, Malihe Khanum, wato uwargida Malihe. Mace ce mai dariya a kusa, wadda tukwanen furanninta suka cika bakin ɗan tafkin tsakar gidan. Ɗansu ɗaya, Siyamak, kuma da ya tashi zuwa Jamus, ita ta dafa masa faten bayan tafiya, wannan faten taliya da wake da ganye da muke rabawa maƙwabta bayan matafiyi ya bar gida don Allah ya kai shi lafiya. Da kuka ta dama shi. Dakta ya ci kwano biyu, ya ce rabuwa jigo ne mai tsohon tarihi a adabinmu.

Daga nan Malihe ta soma dushewa. Ta daina raka matata Ezzat kasuwa. Furanni suka bushe a tukwanensu, jajayen kifayen tafkin suka yi ta mutuwa suna birkicewa ɗaya bayan ɗaya. Sai ta wuni bakin taga, hannu a cinya, ba ta kallon komai. Unguwa kaf ta gani, har mai gasa biredi ya tambayi Ezzat ko lafiya.

Kada a zalunci Dakta, ya tambaye ta. Sau ɗaya, yana neman takalminsa. Ta ce lafiya lau, kada ya wahalar da kansa. A garinmu ko tuffa ka miƙa wa baƙo ya ce ya ƙoshi, ka san ba a nan maganar ta tsaya ba, sai ka nanata, ka matsa, ka yi rantsuwa. Amma mutumin da ya rubuta doguwar maƙala a kan cewa ba mutumin cikin labari da ke faɗin abin da ke ransa a karon farko, shi ne ya karɓi amsar matarsa hannu bibbiyu, ya sa takalmi ya fita.

Wata Alhamis ya kawo mana majinyaciyar da ya fi ji da ita, wata mata a cikin wani sabon labari wadda ɗanta ya yi ƙaura. Malihe na tsaye a bayansa da faranti.

"Ku lura da alamomi, jama'a! Ta daina ba shuka ruwa. Ta daina fita. Tana zama bakin taga. In an tambaye ta, ta ce lafiya lau. Makaho ma ya ga wannan. To ina mijinta? Ga shi nan a kowane shafi, yana cin abincinta, yana karatun jarida. Wannan ba miji ba ne, jaki ne da aka sa wa kwat."

Muryarsa ta karye, ya ciro hankici ya share hawaye. Mu kuwa muka sunkuyar da kai muna ƙirga zaren darduma. Raina ya ɓaci ranar, ban ɓoye ba. Ba tare da ya waiwaya ba Dakta ya miƙa hannu ya ɗauki shayi daga farantin, ya kurɓa, ya ce ya huce.

Ezzat, wadda ita ma ta ji laccar, ba ta iya shiru. Washegari ta same shi har ɗakin karatu ta faɗa masa Malihe na bukatar likita na gaske, mai duba masu numfashi. Ya dube ta ta saman tabarau cike da tausayi.

"Ezzat Khanum, wannan ciwo na masu zurfin tunani ne, ba ya kama kowa. Malihe mace ce mai sauƙin rai, Allah ya hutar da ita daga tambayar ma'ana. Ki sayo mata ruwan fure mai sanyaya zuciya a kasuwa, za ta warware."

Ezzat ta fito ta buga wa Badri Khanum waya, yayar Malihe da ke aure a garin Rasht. Ran Lahadi Badri ta sauka, ta ga ƙanwarta, ta yi kukanta a kicin, ta haɗa akwati. Da za su fita Malihe ta tsaya a ƙofar ɗakin karatu, ta ce, "Agha, maigida, zan tafi." Ya ɗaga yatsa ɗaya, idonsa na kan shafi, ya ce yana tsakiyar ceton rai, ta rufo ƙofa, in za ta dawo ta biya ta sayo biredi. Ezzat ce ta watsa ruwa a bayan motarsu, kamar yadda muke yi wa matafiyi don ya dawo lafiya.

Kwanakin da suka biyo Dakta ya yi aikin da bai taɓa yi ba. A kujerar ɗakin karatu yake kwana, abin da aka bari a firji yake ci. Da muka haɗu a lungu ya ce mini gidan ya yi masa daɗin rubutu ƙwarai, a ƙarshe Malihe ta fahimci darajar shiru.

Ran Alhamis muka taru. Shayi bai fito ba, ya ba mu haƙuri, ya ce mata ba su san lokaci ba. Sai ga Ezzat da babban kwano na faten bayan tafiya, an ƙawata samansa da soyayyar albasa da na'ana'a. Idonsa ya yi haske. Ya ci, ya lashe cokali, sannan ya ɗaga shi kamar sandar malami.

"Ku dubi hikimar talaka. Abin da mu muke nema a littattafai, shi a tukunya yake nemansa. Wani ya tafi, an bar gurbi, sai a cika gurbin da wake. Abin tausayi, amma akwai daɗi. Af, Ezzat Khanum, wa ya yi tafiya a unguwar?"

"Matarka, Agha Dakta. Tun ran Lahadi."

Ya yi dariya shi kaɗai. Ya juya wajen kicin ya kira sunanta, ya sake kira. Ba abin da ya motsa sai busasshen ganye a tafki. Can ya ce, da ƙaramar murya, ai ta ce lafiyarta lau, kuma shi bai ga wata alama ba.

Ezzat ta gyara mayafinta. "Ba alamar da ba ka karanta mana ba makon jiya. Har jakin ka ambata."

Malihe na samun sauƙi. Tana ganin likita, ta dasa furanni a barandar yayarta, tana hira da Siyamak ta waya har ta yi dariya. Maganar dawowa ba ta taso ba. Dakta kuwa ya sanar da sabuwar lacca a kan kaɗaicin manyan masu tunani, sai dai da shayi ya ɗauke, masu sauraro ma suka ɗauke.

Kwanon Ezzat na nan a kan teburinsa har yau, fate ya bushe a ciki, ya danne takardu da shi. Ya yi niyyar wankewa. Matsalar ita ce duk littattafan da ke gidan, babu wanda ya faɗi inda Malihe take ajiye soso.