Injin Markaɗen Inna

Laifina ne, ba zan ɓoye ba. Ana saura sati biyu Sallah, cikin tsadar nan, na sayar da buhun geronmu na yi odar injin markaɗe ta intanet, don Inna ta san ɗanta ya waye. Kwana goma ina sintiri a tashar Anka, ina rantse wa matata ba damfara ba ce.

Da ya iso, na ɗaure shi a babur har ƙauyenmu Gwashi.

Inna ta ɗaga igiyar wutar, ta dubi bangon ƙasa. "Ɗana, wagga ina za a soka ta?"

A gidan aka haife ni, kuma bai taɓa ganin lantarki ba.

Yanzu daddawa take ajiyewa a ciki. Duk sanda na je gaisuwa sai ta ce, "Ku shimfiɗa wa Injiniya tabarma."