Shakazobar Motar Kaka

Tun da suka sauka daga mota jikar Kaka ta lura bai ciro hannunsa na hagu daga cikin riga ba. Da dama ya rufe ƙofa, da dama ya ɗaga labulen shagon kayan mota. Mai shago bai kula ba.

Motar ta girmi babanta, kuma ban da Kaka ba wanda ya taɓa tuƙa ta. Shakazobar baya duk sun mutu, ko tsakuwa aka taka sai mutum ya tashi sama. Shekaranjiya baban nata ya ƙwala kai da rufin motar, ya rantse in Asabar ta yi ba a gyara ba, masu sayen tsohon ƙarfe zai kira. Shi ya sa Kaka ya taso ta rakiya, tunda ita ce ta karanta injiniya.

"...Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ga amaryata na kawo maka, ka riƙe ta ka ba ni shakazoba biyu."

Ta sunkuyar da kai ta gai da mai shago da ƙyar, sannan ta harari tsohon. "Ni za a musanya da ƙarfe? Ai kai ya kamata a bari a nan, a jera ka a kanta cikin tsofaffin kaya."

"Ka ji ta! A gaban mutane salihar baiwa, ni kaɗai take yi wa baki."

Mai shago ya ajiye iri biyu. "Wannan na gas ne, yana da tauri. Wannan na mai ne, ya fi laushi."

"Ba ni mai taurin. Mu samari ba ma son abu laƙwas."

"Na gas? A motar da in ka yi atishawa ƙofarta ke buɗewa? Haƙoranka huɗun nan ma a hanya za mu tsince su."

"Shida ne, marar kunya! Je ki ƙirga."

"Biyu ai suna rawa, ba na sa su a lissafi."

Mai shago ya share hawayen dariya. "To Baba, wace lamba ce?"

"Lamba ta 'yan boko ce. Ni awo na yi."

Ya zaro wata farar igiya daga aljihu, da ƙulli biyu a jiki, ya shimfiɗa ta a kan tebur. Ta dubi igiyar, ta dubi hannun da ke cikin riga, ta dafe ƙirji.

"Inna lillahi! Kaka, mazagin wandonka ne?"

"Awo dai awo ne."

"Wato tun ɗazu wando kake riƙe da shi a tsakiyar kasuwa? Wayyo ni! Na auri abin kunya."

"Rage murya mana! So kike ki kore mini 'yan mata?"

Mai shago ya duba nan ya duba can, ya kawo wani da ya yi daidai da ƙullin biyu, cif. Kaka ya washe baki. Ita kuwa dariyarta ta ɗauke, don abin ya yi mata gajarta a ido.

"Tsaya. A ina ka auna?"

"A jikin mota. Na kwanta a ƙasa na miƙa hannu."

"Ka kwanta a ƙarƙashin mota? Da wannan bayan naka? Wa ya tashe ka?"

"Maƙwabci. Ba wannan ake yi ba."

"Ka ɗaga ta da jak?"

"Jak na mene ne?"

"Subhanallahi! Kaka, wanda ke jikin mota nauyi ya danne shi. Sabo kuwa a miƙe yake. In ka ɗaura wannan guntun, ramin farko zai tsinke. Ranar Asabar da kanka za ka taya su ɗora ta a babbar mota."

Bakin Kaka ya tsaya a buɗe. Ya dubi mai shago ko zai ƙaryata ta, mai shago ya sosa ƙeya ya ce gaskiya ne. Kaka ya juya yana kallon motar ta bakin ƙofa, har ta ji tausayinsa.

Ta ciro waya. "Ga lambar. Jiya kana barcin rana na goge wanda ke jikin mota na ɗauki hotonsa."

"Ke ma kin kwanta a ƙasa ke nan!"

"Ni ai da kaina na tashi."

Mai shago ya hau tsani, ya daɗe yana ture kwalaye a can sama, ya sauko da guda biyu duk ƙura. Na mai ne, su kaɗai suka rage masa. Ta gwada lambar sau biyu, ta danna kowanne da hannu, ta gyaɗa kai.

Kaka ya kece da dariya har da tari. "Na sallama, 'yar nema. Ungo." Ya cilla mata makulli. "Ke za ki kai ta wurin bakanike."

"Ni? Motarka? Kaka, ko dai zazzaɓi ne?"

"In kika goge mini ita, na sake ki."

Ta sa kwalayen a kujerar baya, ta shiga, ta jawo kujerar direba gaba, ta gyara madubi.